An sa wa lambun unguwa kwaɗo: ƙaramar hukuma ce ke da iko da shi ko gwamnatin jiha?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san aikin ƙaramar hukuma da harkar filaye.

A unguwarmu akwai lambun da aka ware tun lokacin da aka yanka fulotai. Girmansa zai kai fuloti shida na ƙafa 50 a 100, da bishiyoyin darbejiya da lilo biyu da kujerun siminti. Shekara da shekaru kowa shiga yake yi. Bara aka zagaye shi da katanga, aka sa ƙofar ƙarfe. Yanzu daga Juma'a zuwa Lahadi na masu biki ne, sauran ranaku kuma sai an biya a ƙofa, babba da yaro, kuma ba a ba da rasit. Kwanan nan an fara jera bulo a jikin katangar gabas, ana cewa shaguna za a yi. Mai gadi ya ce ƙaramar hukuma ce ta bayar da wurin haya. Kansilanmu ya ce shi ba da saninsa ba.

Abin da nake so in sani: a doka, wa ke da iko da irin wannan wuri? Ƙaramar hukuma tana da hurumin ba da shi haya har a hana mutane shiga? Kuma idan mutanen unguwa suna so a buɗe, ta ina za su fara?

Tsohon Sakatare ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da abin da yake a rubuce.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya tabbatar da ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya jero ayyukansu. A cikin jerin akwai ginawa da kula da hanyoyi, fitilun titi, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen da aka bar wa jama'a. A jadawalin dai aka ba su kula da bayan gida na jama'a da kwashe shara, da sa ido kan shaguna da kiyos da gidajen abinci da allunan talla. To kin ga kusan duk abin da ke faruwa a cikin lambun nan naku, daga lilo har mai sayar da lemo a ƙofa, aikin ƙaramar hukuma ne a takarda.

Sai dai akwai abu biyu da ke rage wa wannan iko ƙarfi. Na farko, sashe na 7 ɗin nan ya bar wa majalisar dokokin jiha tsara yadda ƙananan hukumomi za su yi aiki, don haka kowace jiha tana da tata dokar ƙananan hukumomi, kuma jihohi da yawa sun kafa hukumomin da suka karɓe manyan wuraren shaƙatawa na cikin birni. Gidan zoo na Audu Bako a Kano na jiha ne. Ƙofar Gamji a Kaduna ta jiha ce. Legas tana da hukuma guda, LASPARK, wadda aikinta ke nan. Na biyu, kula da wuri daban, mallakar ƙasarsa daban. Wannan ɓangaren na bar wa masu awo, sun fi ni saninsa.

Idan har lambun yana hannun ƙaramar hukuma, to ba shugaba ne zai wayi gari ya ba da shi haya da baki ba. Hanyar da aka sani ita ce: sashen da ke riƙe da wurin ya rubuta takardar neman amincewa, a kai ta zaman kwamitin kuɗi da ayyukan yau da kullum, a rubuta shawarar da aka yanke a littafin zama, sannan a ƙulla yarjejeniya a rubuce da sa hannu da hatimi. Kuɗin shiga kuwa, da lokacin buɗewa da rufewa, da abin da aka hana a ciki, sai da dokar ƙaramar hukuma wadda kansiloli suka zartar, shugaba ya sa wa hannu. Kansilan da ya ce bai sani ba, ko dai ba a bi ta majalisa ba, ko kuma an bi bai halarci zaman ba. Duka biyun ana iya ganowa daga littafin zama.

Ga inda za ku bi a sakatariya. Ku fara da ofishin daraktan mulki, nan ne rajistar takardu take. Sashen ayyuka shi ke riƙe da batun filaye da gine-gine. A wasu wuraren lambuna suna ƙarƙashin sashen noma, ɓangaren gandun daji, saboda su ke da gidan renon itatuwa. Ma'aji shi zai faɗi ko kuɗin haya ya taɓa shiga asusu. Duba-gari suna sashen lafiya, su ke da hurumin ban-ɗaki da shara da abincin da ake sayarwa.

Maganar rashin rasit ita ce babbar alama. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan ƙaramar hukuma dole ya fito daga littafin rasit mai lamba a jere, wanda ma'aji ya bayar kuma ake mayar masa da gindinsa. In kuma ɗan haya ne ke karɓa da sunansa, to yarjejeniya ce za ta nuna an ba shi wannan dama da kuma iyakar abin da zai karɓa. Ku samu mutum uku ko huɗu su shiga a ranaku daban-daban, kowa ya nemi rasit, a rubuta kwanan wata da adadin da aka karɓa da amsar da aka bayar. Wannan ɗan rubutun ya fi dogon ƙorafi amfani a gaban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi na jiha.

Kada ku je a ɗaiɗaiku. Ku rubuta takarda ɗaya da sunan mutanen unguwa, mai unguwa ya sa hannu, a ba dagaci da hakimi kwafi, a ba kansila kwafi. Ku kai biyu rajista, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ku dawo da ita. Takardar da ba a buga wa hatimi ba, gobe za a ce ba ta iso ba.

Mai Awo ya amsa:

Baba Sakatare ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya, ni shawarata ku bar batun kwaɗo tukuna, ku kama batun bulon nan. Kwaɗo ana cire shi a wuni ɗaya. Shago in an yi masa rufi, an sayar wa wani, shi ma ya sayar, fitar da shi sai an yi shekaru.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 2 ya raba iko: ƙasar da ke cikin yankin da aka ayyana birni tana ƙarƙashin gwamna, sauran kuma tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Gwamna ne ke ayyana inda ake kira birni, ta hanyar sanarwa a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan unguwarku tana cikin birni, ƙaramar hukuma ba ta da ikon yanka lambun ta raba, ba ta da ikon ba da takardar mallaka a kansa, ko da ita ce ke share shi tana biyan mai gadi. A ƙwaryar Kano misali, ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi birnin: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, amma izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, yake fitowa. A Kaduna hukumar tsara birane ita ce KASUPDA, takardun ƙasa kuma suna hannun hukumar KADGIS. A Abuja abin ya fi haka tsauri, domin ƙasar babban birnin tarayya duk tana hannun minista, lambunan cikin gari irin su Millennium Park da aka buɗe a 2003 ba majalisar yanki (ƙaramar hukumar Abuja ke nan) ke raba su ba, akwai sashen lambuna da wuraren shaƙatawa na hukumar birnin.

Wani abin lura: akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, mutane kan kafa hujja da ita. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Saboda haka dokar tsara birane ta jiharku ita za ku nema.

Takarda mafi muhimmanci a wannan rigima ita ce taswirar unguwa da aka amince da ita. Kowace unguwar awon gwamnati tana da taswira mai lamba, kuma lambar tana jikin takardar filin kowane mai gida a unguwar. Ku duba takardar gida ɗaya ko biyu ku kwafi lambar, ku je ofishin tsara birni ko ma'aikatar ƙasa ku nemi kwafin da aka tabbatar da hatimi. A jikin taswirar za ku ga an yi wa wurin alama, galibi da launin kore, an rubuta fili ne na jama'a ko wurin wasa. Ku duba abu uku: girman da aka rubuta, lambobin duwatsun awo na kusurwoyi, da kuma ko akwai wani gyara da aka yi wa taswirar daga baya. Gyaran nan shi ne inda ake ɓarna. Sai a ɗauki gefen fili a fitar da ƙananan fulotai, a ba su lamba mai harafi a ƙarshe, a ce ragowa ce. Idan kun ga lambobi irin waɗannan a jikin lambun, ku nemi fayil ɗin da ya amince da canjin.

Sauya amfanin fili daga wurin shaƙatawa zuwa kasuwanci ba a yin sa da takardar haya. Sai an nemi izinin canjin amfani daga hukumar tsara birni, sannan a nemi izinin gini daban, da zane da aka buga wa hatimi. Mai gini ya kamata ya iya nuna wannan izini a wurin aikin. In babu, ku rubuta wa sashen sa ido kan gine-gine, su ne masu zuwa su sa jan fenti su ba da takardar dakatar da aiki. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata, daga kusurwa ɗaya kowane mako, domin a ga yadda ginin ke tashi. Tsofaffin hotunan sama na Google Earth su ma suna taimakawa, suna nuna yadda wurin yake shekarun baya.

Ku kuma ɗauki mai awo mai rajista ya nemo duwatsun kusurwa. Sau da yawa katangar da aka yi ba a kan iyaka take ba: ko an shigo da ita ciki an bar mita uku ko huɗu a waje don shaguna, ko an fitar da ita ta cinye hanyar ruwa. Shagon da aka ɗora a kan kwata, damina ɗaya ta isa ta mayar da ruwan cikin gidajen maƙwabta.

Idan kuwa unguwar awon igiya ce, aikin ya fi wuya, domin babu taswirar hukuma da za a kafa hujja da ita. Nan sai a koma kan takardar cinikin gonar asali, da shaidar dagaci da dattawan da suka ga lokacin da mai gona ko dillalai suka ware wurin. In an samu wannan, a yi maza a auna a kai ma'aikatar ƙasa a nemi a yi masa rajista da sunan amfanin jama'a. Filin da ba shi da takarda, magada na iya tasowa bayan shekara ashirin su ce na mahaifinsu ne.

Dalilin da ya sa nake matsa wa a tsayar da gini tun yana ƙasa: ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2023, da aka rushe shagunan da aka gina a Filin Idi. Masu shagunan suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su, suka je kotu, aka yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Filin ya dawo, amma 'yan kasuwa sun yi asara, baitulmali ma ya yi.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam. Unguwar awon gwamnati ce, kuma na ga lambar a jikin takardar gida. Amma akwai masu cewa a bar ɗan hayar, domin kafin ya zo wurin ya zama juji da matattarar 'yan shaye-shaye, shi ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa fitilu. Wasu kuma sun ce ko sisi bai kamata a biya ba. Mene ne daidai a nan?

Mai Lambu ya amsa:

Hajiya, masu maganar nan ta farko suna da gaskiya a rabi. Lambu ba ya riƙe kansa, kuma wanda ya ce a buɗe kawai a kori ɗan haya ba tare da an tanadi mai ɗaukar nauyi ba, juji zai sake samu. Bari in nuna miki nauyin da lissafi.

Fuloti shida na 50 a 100 kusan murabba'in mita 2,800 ne. A ce rabinsa ciyawa ce, mita 1,400. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ciyawa a ƙasar Hausa tana shan kamar lita 6 a kowane murabba'in mita kullum. Lita 8,400 ke nan a rana, wato a cika tankin lita 5,000 kusan sau biyu. Ranar da famfo ya ƙone aka yi mako biyu ba a gyara ba, ciyawar ta tafi. Shi ya sa a irin yanayinmu ba na ba da shawarar shimfiɗa ciyawa ko'ina. A bar ta a wuri ɗaya ƙarami, sauran a yi inuwa da bishiya da yashi da tsakuwa. Darbejiya, maɗaci, tsamiya, ceɗiya, duk suna jure fari in sun kama. A dasa a farkon damina, rami santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe, a kewaye da kariya saboda awaki, a riƙa ba da ruwa har rani biyu. Kada a dasa darbejiya ko ceɗiya kusa da katanga ko sokawe, a ba su tazarar mita huɗu ko biyar, in ba haka ba saiwa za ta tsaga gini.

Bayan ruwa akwai mai gadi biyu, na dare da na rana, da mai shara, da mai wanke ban-ɗaki, da canjin batirin fitilun sola bayan 'yan shekaru. Wannan kuɗi ne na kowane wata. Ƙaramar hukuma takan sa kuɗin gini a kasafi, amma da wuya ta sa na kulawa, kuma nan lambunanmu ke mutuwa.

Inda ban yarda da su ba shi ne a ce don mutum ya haƙa rijiya sai wurin ya zama nasa. Maganin matsalar yana cikin takardar haya. Yawancin waɗannan takardu shafi ɗaya ne ko biyu: suna, kuɗi, shekaru, sa hannu. Babu layi ɗaya da ya ambaci jama'a. Idan za a sake zama, ku nemi a sa waɗannan a rubuce. A fayyace yankin da aka ba shi da awo, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na filin, a liƙa zanen a jikin yarjejeniyar. Sauran filin ya zauna a buɗe kullum, daga bayan asuba zuwa magariba ko isha'i, har ranar biki, da ƙofarsa daban. Wannan ƙofa ta biyu ita ce maganin rigimar Juma'a zuwa Lahadi, domin muddin ƙofa ɗaya ce, mai biki zai ce shi ya kama wurin. A ƙayyade yawan ranakun da za a iya rufe wurin gaba ɗaya a shekara, kuma a liƙa sanarwa mako guda kafin nan. A hana gini na dindindin, rumfa da kiyos da za a iya ɗagawa kawai. Wa'adi ya zama gajere, shekara uku zuwa biyar, sabuntawa sai an duba aiki. A hana shi ba wa wani haya a ƙarƙashinsa. A rubuta ƙarfe nawa za a kashe lasifika. A kuma rubuta cewa rijiya da tanki da fitilu za su zama na lambun idan wa'adi ya cika.

Batun kuɗi, ra'ayina shi ne shiga lambun unguwa ya zama kyauta. A karɓi kuɗi a kan abin da mutum ya zaɓa: hayar rumfa, ɗaukar hoton biki, wurin ajiye mota, kayan wasa masu inji, kiyos. Kuɗin ƙofa, komai ƙanƙantarsa, uwa mai yara biyar yake fara korewa, da tsofaffin da ke zuwa shan iska kullum, alhali su aka yi wa wurin. Babban wuri mai dabbobi da ma'aikata da yawa hukuncinsa daban.

Akwai kuma hanawar da ba ta kwaɗo ba. Ƙofa mai matakala ko mai dokin ƙofa na ƙarfe a ƙasa ta hana mai keken guragu da makaho da mai tura jariri. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90. Gangara ta zama ɗaya cikin 12: tudun santimita 30 yana buƙatar tsawon mita 3.6. Hanyar ciki ta kai mita 1.5, in da hali 1.8 don keke biyu su wuce juna. Ban-ɗakin mata daban, ƙofarsa ba ta kallon wurin zaman maza, da ruwa a ciki, da wurin alwala da ɗan wurin salla. Inda babu wannan, mata ba sa daɗewa, daga baya su daina zuwa. Sokawe ya yi nisan mita 30 daga rijiya.

Lilon nan biyu ma a duba su. Ƙarƙashinsu yashi ne mai zurfin santimita 30, ba siminti ba. Gaba da baya a bar fili ninki biyu na tsayin sandar sama. Ƙugiyar sarƙa ita ke fara cinyewa, a duba ta kowane wata. Abin zamiya na ƙarfe a ƙarƙashin inuwa ake sa shi, in ba haka ba yana ƙona yara da rana. Ranar Sallah kuma, lokacin da yara ke cika wuri, a buɗe ƙofar shiga daban da ta fita, ƙyauren ya riƙa buɗewa waje, kada a sayar da tikiti a bakin ƙofa. Turmutsitsi a ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya yake faruwa.

Su 'yan shaye-shayen, haske da yawan jama'a ke korarsu. Doguwar katangar bulo ɓoye su take yi. An fi son gini mita ɗaya a ƙasa, sama kuma ƙarfe da ake hango ciki, a sassabe rassan ƙasa na bishiyoyi har tsayin mutum.

Barista ta amsa:

Hajiya, ga ɓangaren shari'a a taƙaice, kuma a jere yadda ya kamata a bi.

Kafin komai, kada matasa su fasa kwaɗo ko su ture bulo. Da zarar an yi haka magana ta tashi daga ta fili ta koma ta ɓarna da shiga wuri ba izini, kuma masu gaskiya su za a tsare.

Ku nemi takardu ta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ba sai kun faɗi dalili ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In ta ƙi ko ta yi shiru, kuna da kwana 30 ku je kotu ta tilasta mata. Da can jihohi kan ce dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi kowane mataki na gwamnati. Ku ambaci abin da kuke so ɗaya bayan ɗaya: yarjejeniyar haya, bayanin zaman da aka amince da ita, dokar da ta sa kuɗin shiga, shaidar biyan kuɗin haya, izinin canjin amfani, izinin gini. Takardar da ta ce a ba mu duk bayanin lambu, amsa maras amfani take samu.

Idan ginin bai tsaya ba, a je babbar kotun jiha a nemi umarnin dakatarwa har a gama shari'a. Abu biyu ke kayar da irin wannan ƙara tun ba a shiga gundarinta ba. Ɗaya, dokokin ƙananan hukumomi na yawancin jihohi sun ce sai an ba da sanarwar niyyar kai ƙara, galibi wata guda, kafin a shigar. Ku ba da ita tun yanzu, ba ta hana sulhu. Biyu, dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara. Kotuna sun fitar da shari'ar ƙasa da ta kwangila daga ƙarƙashinta, kuma cutarwar da ke ci gaba tana da nata hukuncin, amma lauyan ɗaya ɓangaren zai tayar da ita, don haka kada a yi jinkiri.

Za a kuma tambaya wa ya ba ku hurumin ƙara. Tun shari'ar Adediran da kamfanin Interland a 1991, wadda mazauna wata unguwa a Legas suka kai, Kotun Ƙoli ta ce mutane na iya ƙara a kan abin da ya dami jama'a ba sai da izinin antoni janar ba. Duk da haka ku sa masu gidajen da ke jikin lambun a gaba, waɗanda za su nuna cutarwa ta kai tsaye: ƙarar lasifika da dare, toshe hanya, ruwan kwata. Su shigar a madadin kansu da sauran mazauna.

Idan ana zaɓen wanda zai shiga saboda ƙabila, addini, jinsi ko asalin gari, wannan ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Ware rana ko sa'o'i don mata da yara a wuri ɗaya abu ne da ake yi, amma ya fito daga rubutacciyar ƙa'ida, kada ya zama ra'ayin mai gadi. Maganar gangara da Malam Mai Lambu ya yi ita ma doka ce: dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara wuraren jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya kai koke Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, tana da ofishi a kowace jiha kuma ba a biya. Sai dai ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu, don haka ku zaɓi wadda za ku fara da ita.

Tsohon Sakatare ya ƙara da cewa:

Barista, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya zan ƙara a kan na Malam Mai Lambu. Duk sharuɗɗan da ya lissafa, in a takardar haya kawai suke, sabon shugaba na iya sake ta da wani ɗan hayar. Ku sa kansilanku ya gabatar da su a matsayin dokar ƙaramar hukuma da ta shafi duk lambuna da filayen wasa na yankin, da jadawali a ƙarshe mai ɗauke da sunan kowane fili da lambar taswirarsa da girmansa. A cikinta a kafa kwamitin kula na mutum bakwai ko tara: wakilin sashen ayyuka, duba-gari, mai unguwa, mata biyu aƙalla, matashi, da wakilin masu buƙata ta musamman. Makulli ɗaya ya zauna a hannun kwamitin. A kafa allo a ƙofa mai ɗauke da lokacin buɗewa, da abin da ake biya da wanda ba a biya, da ofishin da za a kai ƙorafi.

Ku kuma kula da lokaci. Ana haɗa kasafin kuɗi ne a watannin ƙarshen shekara, wanda ya zo a Fabrairu sai ya jira baɗi. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, hujjar cewa kuɗi na hannun jiha ta yi rauni, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Ku nemi layi guda a kasafi mai sunan lambun, na albashin mai gadi da gyaran famfo, ku karɓi kwafin shafin bayan an amince.

Hajiya, in kun samo taswirar ki sanar da mu abin da aka rubuta a kan wurin da girman da aka sa, sai Malam Mai Awo ya gaya muku ko katangar gabas a kan iyaka take.